Jinin mai kansar hanta: a mayar masa ko a zubar?

Duk likitan da zai sa wuƙa a hanta ya san da jini zai yi fama. A jikin babban mutum, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turawa ta hanta yake ratsawa, wajen lita ɗaya da rabi a kowane minti. Ga shi kuma akasarin masu kansar hanta, kafin ƙarin ya tsiro hantar ta riga ta ƙanƙance ta yi tauri, ko saboda ciwon hanta nau'in B ko C, ko barasa, ko kitse. Hanta ce ke haɗa yawancin sinadaran da ke daskarar da jini, idan ta gaza jini ba ya tsayawa da wuri. Jijiyoyin ciki suna kumbura domin jini ya rasa hanyar wucewa, saifa tana girma tana riƙe ƙwayoyin da ke toshe rauni. Mai irin wannan jikin ne ake kwantarwa a yi wa aiki.

A dashen hanta na farko da aka yi wa ɗan'adam, wanda Thomas Starzl ya jagoranta a birnin Denver na Amurka a 1963, zubar jini ce ta kashe yaron da aka yi wa dashen tun aikin bai ƙare ba. An yi nisa da wancan zamani. Dabarar da James Hogarth Pringle ya bayyana a Glasgow a 1908, ta matse jijiyoyin da ke shiga hanta na ɗan lokaci, har gobe ana aiki da ita. Likitocin sa barci sun koyi rage matsin jini a manyan jijiyoyi yayin da ake yanka, an kuma samu na'urorin da ke ƙona bakin jijiya su liƙe ta. Yau ana iya yanke rabin hanta ba a ƙara wa mutum leda ko ɗaya ba. Sai dai a babbar tiyata, musamman dashe, har yanzu akan yi asarar lita da dama, wani lokacin ma fiye da duk jinin da ke jikin majinyacin.

To jinin nan da ya kwarara cikin ciki, me za a yi da shi? A tiyatar zuciya ko ta ƙashin baya ba a ma tsayawa tambaya: ana zuƙe shi, a wanke, a mayar wa mai shi. A tiyatar kansa ne aka shafe shekaru ana ja-in-ja, saboda tsoron kada a kwaso ƙwayoyin cutar daga inda aka yanka a zuba su kai tsaye cikin jijiya.

Na'urar wankin jinin ta shigo ɗakunan tiyata a shekarun 1970. Wadda ta fi suna ita ce Cell Saver ta kamfanin Haemonetics, har mutane suka koma kiran kowace irinta da wannan suna. Mataimakin likita yana riƙe da bututun zuƙa mai hanya biyu. Ta ɗaya maganin hana daskarewa, hefarin ko sitiret, yake gangarowa ya haɗu da jinin tun a bakin bututu, ta ɗayar kuma cakuɗen ke wucewa zuwa wani mazubin roba. A nan matatar farko ke tare gudajin jini da kitse da ɓurɓushin nama. Idan ya taru, sai a tura shi cikin wani kwano mai juyawa sau dubbai a minti. Jajayen ƙwayoyi, da yake su ne masu nauyi, sai su lafe a jikin bango, ruwan jinin ya tsiyaye zuwa ledar shara. A bi su da ruwan gishiri a wanke, a ɗura a leda. Cikin 'yan mintoci an samu jini mai kauri, rabinsa ko fiye duk jajayen ƙwayoyi ne, na majinyacin kansa, waɗanda ba su kwana a firji ba. Babu fargabar saɓanin rukunin jini, babu ta ɗaukar cutar wani. Abin da wankin ke tafiya da shi shi ne sinadaran daskarewa, shi ya sa wanda ya zubar da jini sosai dole a nemo masa su daga ma'ajiyar jini duk da haka.

Matsalar ita ce kwanon da nauyi yake rarrabewa, bai san lafiyayyar ƙwaya da muguwa ba. Ƙwayoyin kansa nauyinsu ya yi kusa da na fararen ƙwayoyin jini, saboda haka wasu na tafiya da ruwan wanki, wasu na maƙalewa tare da jajayen. Matatar farko kuwa ramukanta sun kai maikuron 40 ko fiye, alhali ƙwayar kansa galibi ba ta kai haka ba, jar ƙwaya kuma 7 zuwa 8 ce kawai. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ke nan ƙofa a buɗe take.

A 1975 wasu likitoci a Amurka suka wallafa rahoton ganin ƙwayoyin kansa a cikin jinin da aka zuƙo lokacin tiyata. A 1986 majalisar harkokin kimiyya ta Ƙungiyar Likitocin Amurka ta sa kansa cikin yanayin da bai kamata a mayar da irin wannan jini ba. Hukunci ne da hankali ya ɗauka, kuma ya zauna daram a littattafan koyarwa da takardun kamfanonin da ke ƙera na'urar. Amma an gina shi ne a kan abin da ake tsoron zai faru. Ba a ƙirga majinyata an ga cewa waɗanda aka mayar wa jininsu sun fi mutuwa ba. A shekarun 1990 Ernil Hansen da abokan aikinsa a Regensburg ta Jamus suka ƙara wa tsoron ƙarfi: sun sami ƙwayoyin kansa a jinin da ya zuba a wurin aiki a fiye da tara cikin goma na majinyatan da suka duba, daga 'yan ƙalilan har zuwa miliyoyi, kuma masu rai, masu iya hayayyafa idan an rene su a ɗakin gwaji. Duk mai cewa jinin da aka zuƙo daga kusa da ƙari tsaftatacce ne, wannan binciken ya rufe masa baki.

Da a nan maganar ta tsaya, da an huta. Abin da ya hana ta tsayawa shi ne, wanda aka zubar da jininsa dole a sa masa na wani, kuma na wanin ma yana da nasa lahanin. A 1973 Gerhard Opelz da Paul Terasaki, a Los Angeles, suka lura da wani abin mamaki: masu dashen ƙoda da aka taɓa yi wa ƙarin jini, ƙodar ta fi daɗewa a jikinsu. Fassarar ita ce jinin wani yana kwantar da garkuwar jiki. Ga mai sabuwar ƙoda wannan alheri ne. Ga wanda aka cire wa ƙari, wanda garkuwarsa ce za ta bi sauran ƙwayoyin da suka tsere ta kashe, babu lokacin da ya fi muni a kwantar da ita. Tun shekarun 1990 likitocin hanta a Japan da wasu ƙasashe suke ba da rahoton cewa kansar ta fi dawowa ga waɗanda aka ƙara wa jinin ma'ajiya. A yi hattara dai da wannan hujja, domin wanda ya buƙaci jini da yawa shi ne dama mai babban ƙari da lalatacciyar hanta, kuma da wuya a rabe laifin jinin da laifin cutar. Ko da an ajiye batun garkuwa gefe, akwai lahanin da ba a musu a kansa: cutar huhu mai tsanani bayan ƙarin jini, cikar zuciya da ruwa, kuskuren leda, da ƙwayoyin da suka kwana har 35 ko 42 a sanyi suka rage kuzari. Ga kuma ƙarancin jinin kansa.

Akwai hujja ta biyu, wadda ni a ganina ta fi ta farko nauyi. Jijiyoyin mai kansa ba a tsaftace suke ba tun asali. A 1869 wani likita a Ostireliya, Thomas Ashworth, ya ga ƙwayoyi irin na ƙari a jinin wani mamaci. Kansar hanta kuwa ta yi ƙaurin suna wajen kutsawa cikin jijiyoyin jini, kuma juya hantar da matsa ta da likita ke yi yayin aiki yana ƙara tura ƙwayoyi cikin jini, da na'ura ko babu. Mafi yawansu ba sa kai labari. A 1970 Isaiah Fidler ya yi wa ɓeraye allurar ƙwayoyin kansar fata a jijiya, ya tarar bayan kwana ɗaya kusan ɗaya cikin ɗari ne kawai suka rage da rai, waɗanda suka kafa sabon ƙari kuma ba su kai haka ba. Gudun jini yana farfasa su, garkuwa tana cinye su. Wannan ba lasisi ba ne na ƙara wa mutum wasu, amma ya canza tambayar. Ta tashi daga "akwai ƙwaya ko babu" ta koma "nawa ne, kuma nawa za su ƙara a kan waɗanda ke yawo dama".

A nan matatar fararen ƙwayoyi ta shigo. Ba don kansa aka ƙirƙire ta ba. Ma'ajiyoyin jini ne ke amfani da ita don cire fararen ƙwayoyi daga jinin gudummawa, Birtaniya ma ta wajabta hakan ga kowace leda tun 1999. Ƙaramar aba ce, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ana rataye ta tsakanin ledar wankakken jini da jijiyar majinyaci. Wanda ya ji an ce matata zai ɗauka rariya ce, mai ramuka daidai wa daida, babba ya tsaya ƙarami ya wuce. Cikinta ya fi haka rikitarwa: shimfiɗu ne a kan shimfiɗu na siraran zaren roba da aka cukurkuɗa, jini yana lanƙwasa yana ratsa su. Jar ƙwaya ba ta da cibiya, laushi gare ta, a jiki ma ta saba naɗewa ta bi jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, don haka sai ta sulale ta wuce. Farar ƙwaya da ƙwayar kansa suna da cibiya, sun fi girma da tauri, fatarsu kuma tana da danƙo da ke kama zaren. Wasu lungu ke tare su, wasu mannewa suke yi. Waɗanda suka zo a dunƙule, da ake ganin sun fi haɗari wajen kafa sabon ƙari, su suka fi saurin maƙalewa. Matatun zamani suna cire kashi 99.9 cikin 100 na fararen ƙwayoyi, wasu ma fiye.

Binciken da aka fi ambata a kan hanta an yi shi ne a Hangzhou ta ƙasar Sin, aka wallafa a 2008. Majinyata 32 ne masu kansar hanta da ake yi wa dashe. An nemi alamar wani furotin da ƙwayoyin wannan kansa ke yi, wanda likitoci ke kira AFP. A jinin da ya zuba, an ga alamar a mutum 20. Bayan wankin na'ura, tana nan a 15, wato wankin kaɗai bai yi abin kirki ba. Bayan matata kuwa, biyu kacal suka rage, kuma su biyun nan ƙarinsu fashewa ya yi ana cikin aiki. Shekaru uku kafin haka, masu bincike a Cibiyar Lafiya ta Samsung da ke Seoul sun gwada zuba ƙwayoyin kansar hanta a jini a ɗakin gwaji, suka tarar matata tana tare su idan ba su da yawa, amma idan an cika mata kaya wasu na tsallakewa.

Waɗannan biyun da suka rage sun fi goma sha ukun da aka tsarkake koyar da darasi. Matata ba ta san adadi ba, kaso take ragewa. A ɗauka, don misali, tana tare 999 cikin kowace 1,000. Idan ƙwayoyi 1,000 ne a ledar, ɗaya za ta wuce, kuma ɗayar nan da wuya ta rayu. Idan ƙari ya fashe miliyan 100 suka zubo, 100,000 za su wuce ta matata ɗaya, ba tare da ta yi kuskuren komai ba. Shi ya sa na ke ganin tsaron wannan hanya ya fi rataya a hannun mai riƙe da bututun zuƙa fiye da a kan matatar. Cibiyoyin da suka ƙware suna da ƙa'idojinsu: ba a kai bakin bututu kan ƙarin, idan ya fashe ko aka yanka cikinsa a sauya zuwa bututun shara nan take, idan hanji ya ɓule haka nan. Wasu a dashe ba sa kunna na'urar sai an fitar da tsohuwar hanta daga ciki. Wasu suna jera matata biyu. Wasu kuma suna tara jinin kawai, ba za su wanke su mayar ba sai sun ga lallai ana buƙatarsa.

Gwajin alamar AFP ɗin ma yana da iyakarsa. Ba kowace kansar hanta ke yin wannan furotin ba. Ganin alama bai nuna ƙwayar tana da rai ba, rashin ganinta a ɗan samfurin da aka ɗiba kuma bai wanke dukan ledar ba. Hukuncin gaskiya yana wajen majinyata: bayan shekara uku, bayan biyar, wa kansar ta dawo wa?

Dashe ne wurin da ya kamata illar ta fi bayyana, in akwai ta. Jinin da aka sa ta jijiya zuciya yake fara zuwa, daga nan huhu, inda siraran jijiyoyi za su tare duk wata baƙuwar ƙwaya, kuma huhu na cikin wuraren da kansar hanta ta fi ɓulla bayan dashe. Ga shi majinyacin zai hau magungunan danne garkuwa har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka, rahotanni daga cibiyoyin dashe a Faransa, Jamus, Turkiyya da Koriya ta Kudu ba su ga ƙaruwar dawowar cutar ga waɗanda aka mayar wa jininsu ba. Abin da ke hasashen dawowarta shi ne abin da aka sani tun da: girman ƙari, yawansa, da ko ya riga ya shiga jijiya. Ma'aunin Milan, wanda Vincenzo Mazzaferro ya fitar a 1996, ya taƙaita dashe ga mai ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko waɗanda ba su wuce uku ba kowanne bai haura santimita 3 ba, ba tare da shiga babbar jijiya ko fita wajen hanta ba. Da yawa daga majinyatan waɗannan rahotanni irin waɗannan ne, masu ƙaramin kaya.

Kada a yi saurin tafi. Kusan duk binciken nan waiwaye ne: an buɗe fayilolin da suka wuce an kwatanta. Likitan da ya ga ƙari mai ban tsoro ya ƙi kunna na'ura, majinyacinsa ya faɗa rukunin "ba a mayar ba", sai rukunin ya fito da muni fiye da gaskiya. A ɗaya hannun, waɗanda aka mayar wa su ne suka fi zubar da jini, abin da ke ja musu baya. Karkatar biyu ce, kowace ta nufi nata ɓangaren, lissafi kuma ba ya iya goge su gaba ɗaya. Babban gwajin da za a raba majinyata ta ƙuri'a a bi su shekaru shi zai raba gardama, amma yana buƙatar mutane masu ɗimbin yawa, kuma da wuya likita ya yarda ƙuri'a ta yanke masa hukunci jini na ambaliya a gabansa. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne: an duba sau da yawa, a ƙasashe da yawa, ba a ga illar da aka ji tsoro ba. Hukumomi ma sun sassauto. A 2008 hukumar NICE ta Birtaniya, mai tantance hanyoyin magani, ta amince da mayar da jini a tiyatar kansar mafitsara da ta furostet, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. A 2018 ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya da Ireland ta ba da shawarar a duba yin amfani da matatar fararen ƙwayoyi a tiyatar kansa, a kuma yi wa majinyaci bayanin amfani da haɗari a nemi yardarsa tun kafin aiki.

Akwai hanyar da ta fi matata ƙarfi a takarda, wato gasa jinin da hasken radiyeshan. Hansen ne ya nuna a 1999 cewa idan aka haska ledar jinin da gire 50 (gire ma'aunin ƙarfin hasken ne), ninki biyu na abin da aka saba yi wa jinin ma'ajiya, ƙwayoyin kansa ba sa ƙara iya hayayyafa. Dabarar tana da kyau: hasken yana lalata kundin gado da ke cikin cibiyar ƙwaya ne, jar ƙwaya kuwa ba ta da cibiyar. Cikas ɗin na aiki ne. Injin gashin ba a ɗakin tiyata yake ba, sai an fita da leda an dawo da ita, lokaci na tafiya, kuma duk ledar da ta bar ɗaki ana iya musanya ta da ta wani. A Jamus an kuma gwada wani sinadarin garkuwa, katumaksomab, wanda ke kama ƙwayoyin kansa masu wata alama a fatarsu ya haɗa su da fararen ƙwayoyi su dunƙule, matata ta tare su cikin sauƙi. Ga hanta amfaninsa ragagge ne, domin wani ɓangare ne kawai na kansar hanta ke ɗauke da alamar.

Ita ma matatar tana da halinta. Jini mai kauri a hankali yake ratsa ta, kuma ba a so a matse ledar da ƙarfi, don kada a tunkuɗo abin da ta riga ta kama. An kuma samu majinyatan da matsin jininsu ya faɗi farat ɗaya ana cikin sa musu jini ta irin wannan matata, abin da kan gyaru idan an tsayar. Saboda haka a lokacin da aka fi buƙatar jini da gaggawa, a lokacin ne matata ta fi zama tarnaƙi. Babbar jijiya ta yage, ma'aunin matsin jini yana gangarowa, ledojin ma'ajiya sun kusa ƙarewa, ga lita biyu na jinin majinyacin a mazubi: gaba kura baya siyaki. A irin wannan hali likitoci da yawa, har da waɗanda ba sa son na'urar a tiyatar kansa, za su mayar da jinin, domin dawowar kansa abu ne mai yiwuwa nan da shekaru, mutuwar zubar jini kuwa ta mintoci ce. Haka lissafin yake ga mai rukunin jinin da ba a cika samu ba, da mabiya Shaidun Jehobah, waɗanda ba sa karɓar jinin wani amma da yawansu ke yarda da nasu muddin bututun bai rabu da jikinsu ba. Irin waɗannan ne ya sa ake son a yi maganar tun majinyaci yana zaune a ofishin likita da hankalinsa, a rubuta abin da ya yarda da shi idan ƙarin ya fito lafiya, da abin da ya yarda da shi idan ya fashe.